Gahawar Badun

Aliero,
7 ga Maris, 1998

Zuwa ga ɗiyata Balkisu, a Badun.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da karatunki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mutanen Katanga ma suna lafiya. Na ga kawunki Magaji a kasuwar Jega, ba abin da ya ƙaru gare shi sai tumbi.

Ni ce Gwaggonki Ramatu, in kin manta. Na ce in kin manta ne don rabona da ganin takardarki tun ana shukar gero. Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta, kakanki da ubana 'ya'yan wa da ƙane ne. Amma shekara huɗu kika yi a ɗakina kina firamare kina cinye mini ƙuli-ƙuli, don haka ba ki da bakin ce mini dangin nesa.

Kada ki yi mamakin hannun rubutun. Ɗana Murtala da ya saba rubuta mini ya bi motar albasa zuwa Kumasi tun bayan sallah, bai sa ranar dawowa ba. Malamin Liba ke rubuta mini yanzu, mai gidan yarinyar nan tawa ta fari. Duk Asabar yana zuwa gaisuwa. Sai in zauna cikin ɗaki bayan asabari, shi yana waje kan tabarma, ina faɗa yana rubutawa.

An cire albasa, kuma ta yi kyau bana. Mun ɗaura rudu uku a bayan gida mun zuba ta, muna jiran ta yi daraja. Kalilu direba zai kawo miki wannan, tunda a kasuwar Sasa yake sauke kaya. Na haɗa miki da albasa da daddawa da garin kuka.

Shi Kalilun ne ya zo mana da wani labari. Wai ya je nemanki asibiti ya iske ki ɗauke da tire cike da kwalabe, da ya tambaya aka ce fitsarin mata ne. Na ce ƙarya yake yi, ya rantse har da dafa ƙasa. Balkisu, mu aikin jinya muka ji kin tafi ƙaro karatu a kai. Ki gaya mini wane irin karatu ne wannan, don maƙwabciyata Amariya ta sa ni gaba da dariya, na rasa abin ce mata.

Sai wata 'yar magana. Tun cikin azumi akwai abin da nake ji a ƙirji, ta wajen hagu. Ba ya hana ni aiki, ba ya hana ni cin tuwo. Na shafa man shanu, na sha saiwar da Amariya ta jiƙa mini, yana nan yadda yake. Tunda kin zama rabin likita, in akwai abin da ake sha ki aiko mini.

Allah ya tsare ki a ƙasar mutane.

Gwaggonki,
Ramatu

*

Badun,
22 ga Maris, 1998

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, na ga saƙo, na gode ƙwarai. Ranar da na kaɗa miyar kukar nan sai da na yi hawaye, kuma ba yaji ne ya sa ni ba. Ina lafiya. Ki gai da Amariya, ki gai da ɗiyarki ta Liba, Yaya Talatu, da yara. Malam Waliyyu, ina gaishe ka, Allah ya saka da wannan ɗawainiya ta rubutu da karatu.

Kalilu bai yi ƙarya ba, Gwaggo. Fitsari nake ɗauka, kuma ina jin daɗin aikin. Bari in warware miki.

Akwai wata likita a nan da nake taimaka wa a bincikenta. A jikin kowace mace akwai wani sinadari, istrojin suke ce masa. Shi ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki da cikar jikin mace. In ya gama aikinsa, hanta ce ke sarrafa shi, ragowar ta fita ta fitsari. To amma hantar ba hanya ɗaya take bi ba. Kin ga gero ɗaya ne, wata ta dama shi kunu, wata ta tuƙa shi tuwo. Wata hanyar tana barin ragowa mai sauƙi. Wata kuma tana barin mai ƙarfi, wadda ake zargin in ta daɗe tana yawo a jiki tana iya ba ciwon daji na mata ƙofa.

Abin da likitar ke son ganewa shi ne ko abin da mace ke ci da sha yana iya karkata hantar zuwa hanya mai sauƙin. Shi ya sa muke zaunar da mata muna tambayarsu me suke ci, me suke sha, suna motsa jiki ko a zaune suke wuni, sannan mu auna fitsarinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki gahawa ce, irin wadda alhazai ke ba da labarin ɗacinta. Matan da suka saba shan ta, da alama nasu ya ɗan bambanta da na sauran. Likitar tana yawan ja mana kunne cewa alama ce kawai, ba a tabbatar ba, sai an yi shekaru ana dubawa. Amma ni dai abin ya shiga raina.

Sai na tuna da ke. Ciwon suga ne ya ɗauke mahaifiyarki, ke kuma na san shayinki, sai cokali ya kusa tsayuwa a ciki. Ga goro, ga man gyaɗa. Irin waɗannan cututtuka, suga da hawan jini, yadda mutum ke rayuwa yana da hannu a cikinsu. Don haka na saya miki gahawa soyayya niƙaƙƙa, tana cikin gwangwanin da Kalilu zai ba ki. Ƙaramin cokali ɗaya a ruwan zafi, kofi ɗaya da safe, ɗaya da hantsi. Kada ki sa suga, kada ki sha da yamma don tana hana barci. Ki rage shayin nan, kuma ki ci gaba da zuwa fadama da ƙafarki. Amariya kuma ki ce mata wanda ya raina fitsari bai taɓa kwanciya asibiti ba.

Malam Waliyyu, don Allah ka yi haƙuri, abin da ke biye ka karanta mata shi duka yadda yake.

Gwaggo, kin ce ƙirji ta hagu, ba ki ce ina ba. In ƙwannafi ne ko tari, da sauƙi. Amma in a cikin nono ne, ki shafa shi da tafin yatsu lokacin wanka. In kin ji ƙullutu mai tauri, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da ruwa ko jini, ko kin ji kaluluwa a hammata, kada ki kwana biyu, ki tafi babban asibiti a Birnin Kebbi ko Sakkwato. Rashin ciwo ba alamar lafiya ba ne, wanda ba ya ciwon shi ake tsoro. Gahawa ba ta warkar da wannan. Rigakafi ake zaton tana yi wa mai lafiya, ba magani ba ce.

Ina jiran amsa a dawowar Kalilu.

Ɗiyarki,
Balkisu

*

Aliero,
18 ga Afrilu, 1998

Ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, da fatan kin yi layya lafiya, in har ana samun rago a Badun. Mu mun yi lafiya. Ga soyen nama nan a ƙaramar roba, kada Kalilu ya ce miki bai gani ba.

Maganinki ya iso. Balkisu, Allah ya yi ɗaci a duniya. Ranar farko ina kurɓa na furzar, Amariya ta ce ɗiyar nan da kika goya so take ta gama da ke. Na ce ai magani ba don daɗi ake shan sa ba. Yanzu na saba, har in hantsi ya yi ban sha ba sai in ji kaina na sarawa. Kuma yana sa ƙarfi. Shekaranjiya ni kaɗai na juya albasar rudu uku na tsince ruɓaɓɓu kafin azahar.

Malam ya karanta mini takardarki har wurin sa hannu, kuma na gane sarai. Cutar mata a hanta take taruwa, gahawa kuma tana koro ta ta fitsari. Na shaida, don tun da na fara sha nake zaryar bayan gida. Ita Amariyar da ta yi ta dariya, yanzu ita ce ta farko da ke sallama da kofinta a hannu. Ta gaya wa matan unguwa, kullum da hantsi sai mun kai mu shida a tsakar gida. Maganin Badun suke ce masa. Kin yi suna a Aliero ba ki sani ba.

Abin ƙirjin yana nan. Da kamar ƙwayar gujiya yake, yanzu ya kai goro. Amariya ta ce haka magani mai kyau ke yi, sai ya tattara cuta wuri ɗaya sannan ya fitar da ita. Ni ma hankalina a kwance yake tunda ko kaɗan ba ya ciwo. Kawunki Magaji ya zo sallah ya ji ana zancen, ya ce in shirya ya kai ni Birnin Kebbi. Na ce me zan je yi, ɗiyata da ke cikin likitoci ta riga ta aiko mini da na asibiti har gida.

Gwangwanin ya kusa ƙarewa, don bakunan da yawa. Ki ƙaro mini biyu.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Ramatu

*

Badun,
2 ga Mayu, 1998

Gwaggona,

Na ga takardarki, na gode da nama. Ina lafiya, amma tun da na karanta hankalina ya tashi, don haka ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Gwaggo, gahawa ba magani ba ce. Ban ce tana koro cuta ba, kuma ba daga asibiti ta fito ba, a kasuwa na saye ta. Abin da ya tashi daga gujiya ya kai goro cikin wata biyu, kuma ba ya ciwo, shi ne ainihin abin da na ce ki gudu asibiti a kansa. Ba tattara cuta yake yi ba, girma yake yi.

Ki amsa mini da gaskiya, a cikin nono yake? Yana motsi in kin taɓa shi, ko ya kafe? Akwai wani abu a hammata? Amma kada ki jira ki ba ni amsa kafin ki tafi. Ranar da takardar nan ta same ki, ki aika wa Kawu Magaji ya kai ki.

Ban aiko da gahawa ba, kuma da gangan ne. Ba zan ƙara aikowa ba sai na ji likita ya duba ki. Ki gaya wa matan unguwa abin sha ne kamar shayi, duk mai jin wani abu a jikinta ta je a duba ta.

Malam Waliyyu, na roƙe ka don girman Allah, kalma ɗaya kada ka bari.

Ɗiyarki,
Balkisu

*

Badun,
21 ga Yuni, 1998

Zuwa ga Malam Waliyyu, makarantar firamare, Liba.

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Yaya Talatu da yara. Na biyo ta gidan waya ne don ban san inda Kalilu ya shiga ba. Sau uku ina zuwa Sasa. Mutanen Aliero da ke can sun ce wahalar mai ta tsayar da motoci da yawa a hanya.

Mako bakwai ke nan da na rubuta wa Gwaggo, shiru. Zuciyata ta fi ba ni cewa fushi ta yi. Na ambaci jikinta ƙarara a takardar da na san surukinta ne zai karanta, sannan na hana ta abin da ta roƙa. In haka ne ka ba ta haƙuri. Shekara shida a asibiti sun sa bakina ya saba da kalmomin da ba a faɗa a gida, har na manta nauyinsu.

Kuma ina da laifi babba. Na cika shafi uku da labarin gahawa don yana burge ni, abin da ya fi komai muhimmanci na bar shi a ƙarshe kamar cikon takarda. Da kaset na ɗauka na aiko mata ta ji da muryata, da ya fi.

Malam, kai mai ilimi ne, bari in gaya maka abin da nake tsoro. Ina tsoron ciwon daji ne na nono. In an same shi yana ƙarami, ana cire shi mace ta yi shekaru tana aikinta. In ya bazu, sai abin da Allah ya yi. Na ga mata da yawa da suka zo a makare, kusan duk maganarsu ɗaya, ai ba ya ciwo. Kowane mako da ya wuce ba ya dawowa.

Ka rubuto mini ko layi biyu ne, ta je ko ba ta je ba.

Balkisu

*

Aliero,
11 ga Yuli, 1998

Balkisu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. Da fatan ke ma kina lafiya.

Sai makon jiya takardarki ta Mayu ta iso. Motar Kalilu ta yi kwana arba'in a Mokwa, ba mai, ga shi wani ƙarfe ya karye. Ya dawo ya rame kamar ba shi ba.

Ya miƙo mini takarda, na tsaya ina jiran gwangwani, ya ce ba a ba shi komai ba. Ban ji daɗi ba, Balkisu, ba zan ɓoye miki ba. Mata biyar na zaune a tsakar gidana da kofunansu. Malam ya ce kin ce ba za ki ƙara aikowa ba sai na je asibiti. Yaushe aka fara yi wa uwa sharaɗi? In ya yi miki tsada ne ki faɗa, ba abin kunya ba ne, ɗalibi ba ya rasa matsi. Asibiti kuma da damina, ga noma, ga yarinyar nan ta Liba cikinta ya tsufa, wa zan bar wa gida? In an yi girbi sai a gani.

Ban zauna ba dai. Na sa an sayo mini ta kanti a Jega, mai narkewa nan take. Ba ta kai taki ɗaci ba, don haka na mai da ita kofi huɗu. Tana sa ni faɗuwar gaba da rawar hannu, amma na daure. Hannuna na hagu ya yi nauyi kwanan nan, ina jin ɗaukar buhu ne.

Ban yi fushi ba, amma raina ya sosu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni na ga amfanin maganin nan.

Gwaggonki,
Ramatu

*

Liba,
26 ga Yuli, 1998

Zuwa ga Malama Balkisu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya. Takardarki ta gidan waya ta same ni ranar Laraba, wani abokin aiki ya zo mini da ita daga Maiyama. Wannan karon ba saƙon kowa nake rubutawa ba, nawa ne, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Inna ba ta yi fushi da maganarki ba, domin ba ta taɓa jin ta ba. Ban karanta mata ba.

Shekara tara ina auren Talatu, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskar Inna ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In na hango ta a hanyar kasuwa, sai in canza lungu. Ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Haka muka taso muka gani, kuma ina alfahari da shi. Ranar da na karanta takardarki ta Maris, na zo daidai inda kika ce in yi haƙuri, idona ya riga bakina sauka ƙasa, na ga kalmar. Wallahi harshena ya ƙi. Na yi tari, na ce kina yi mata sannu da jiki, na tsallaka zuwa sa hannu.

Na ce a raina zan sa Talatu ta gaya mata. Amma Talatu 'yar fari ce, tsakaninta da Inna sai gaisuwa da sunkuyar da kai, ga ta da ciki, ban so in tsorata ta. Na ce zan nemi wata mace mai karatu, sai na ga kamar tallan asirin surukata zan yi. Asabar ta bi Asabar. Da hannuna na rubuta miki cewa ya kai goro, ina sane da abin da kika ce game da wanda ba ya ciwo. Da ta ce ta hana Magaji kai ta asibiti, na rubuta na yi shiru. Ta Mayu ma rabinta na karanta. Na faɗi asibiti, ban faɗi dalili ba. Ba rashin sani ba ne ya ci ni, Malama. Na zaɓi kada in ji kunya, na bar ta da ciwonta.

Jiya na je da takardun uku. Na zauna inda na saba, na juya fuskata ga bango, na ce mata akwai abin da na ɓoye. Na karanta duka, kalma bayan kalma, har da wadda kika rubuto mini. Ban san muryata na iya fita haka ba. Da na gama, ba motsi a bayan asabari, har na zaci ta fita ta wata ƙofar.

Can ta ce: "Wagga magana, yaushe tar rubuto ta?"

Na ce: "Tun lokacin cirar albasa, Inna."

Na ce ta yafe mini, ko ta yi mini duk abin da ta ga dama. Sai ta ce:

"Ni ad da abina, nis san inda shike, nic ce maka ƙirji. Kunyag ga tamu ta, mu biyu. Tashi ka kiran mini Magaji."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na hau keke a take na tafi Katanga. Gobe Litinin za mu tafi Birnin Kebbi, in sun tura mu Sakkwato mu wuce. Na nemi izini a makaranta. Ta kira Amariya ta duba mata hammata, kuma akwai abin da kika faɗa.

Ba na neman ki wanke ni. Na rubuto ne don kada ki ci gaba da ɗora wa kanki abin da ba naki ba.

Waliyyu

*

Sakkwato,
15 ga Agusta, 1998

Ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga gadon asibiti. Ba zan ce miki lafiya lau ba, mun daina wannan. Da sauƙi dai, ina ci, ina sallah a zaune. Yarinyar Liba ta sauka ranar Lahadi, an samu mace, duk suna lafiya. Ban ga jaririyar ba tukuna.

Malam ne ke rubutawa, yana kan benci a bakin gadona, ba asabari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa abin da na faɗa shi zai rubuta, kuma zai karanta mini in ji kafin ya rufe.

Ciwon daji ne, a nonona na hagu, kuma ya kai hammata. Sun yanki kaɗan sun auna, sakamako ya fito shekaranjiya. Likitan ya tambaye ni yaushe na fara jin sa, na ce cikin azumi. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ajiye alƙalami. Na ce ya faɗa mini, ni ba yarinya ba ce. Ya ce da na zo wajen sallar layya, da maganarmu ta fi wannan daɗi. Yanzu za su cire nonon duka da abin da ke hammata, bayan nan a yi ta allurai. Na ce zan tashi? Ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa, sauran na Allah ne. Na daɗe a kasuwa, na san muryar mai sayar da kayan da bai yarda da su ba.

Na tambaye shi gahawa. Ya ce ba ita ta kawo shi ba, ba kuma ita za ta kore shi ba, maganarki daidai take. Na aika wa Amariya ta tara matan nan ta gaya musu gaskiya, don ni na ɗora su a kan hanyar. Ki yafe mini maganar da na yi miki ta tsada. Na yi miki mummunan zato alhali ke kina can kina ƙonewa saboda ni.

Kada ki riƙe Malam a zuciya. Kwana ashirin ke nan yana kwana a masallacin asibiti, shi ke bin layin magani, shi ke neman masu ba da jini. Tarbiyyar da muka yaba masa da ita muka ba shi ɗiya, ita ce ya yi mini. Ga shi nan ya tsaya da rubutu, na ce ya ci gaba.

An sa aikin ranar Talata ta sama, ashirin da biyar ga wata. Ina jin tsoro, Balkisu. Na haihu takwas ban ji irin wannan ba. Ba wuƙar nake tsoro ba, ina tsoron a yi ta magana a kaina da Turanci ina kwance ban san me ake cewa ba, kowa yana tace mini abin da zan ji don yana tausayina ko yana jin nauyina. In ban tashi ba, ke za ki zaunar da 'ya'yana mata ki nuna musu yadda ake duba jiki, don ni ko yanzu bakina ba zai iya da ɗiyata ta fari ba.

Magaji zai kai wa Kalilu wannan gobe, jibi zai yi lodi. Na ce kada ya baro Badun sai da ke. Kada ki amsa mini da takarda. Ki roƙi likitarki ta ba ki kwana goma, ki shigo gaban motar ki zo. Ina so wanda zai gaya mini abin da suka gani a cikina ya zama ke ce, da bakinki, kina kallon idona.

Allah ya kawo ki lafiya, ya sa ki iske ni.

Gwaggonki,
Ramatu